Adireshin Murfi

Idon Kawu yana mutuwa, kuma duk kamfanin sabulun nan ni kaɗai na sani. Ba shi ya gaya mini ba. Kawu ya buɗe baki ya ce ga abin da ke damunsa? Haba, sai dai wani Kawun. Matarsa ce ta ja ni bayan kicin wata ranar hutu, tana dirzar tukunya tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa idon. Duk abin da ya ƙura wa ido, tsakiyarsa ce ke ɓacewa, sai gefe-gefe yake gani. Kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

"Ki rufa masa asiri," in ji ta. "Kin dai san shi. Hutun yini guda ma sai ya kwance mini dutsen guga ya sake ɗaurawa, lafiyarsa ƙalau. Ranar da aka ce ya zauna gida gaba ɗaya, wallahi ban san yadda zan yi da shi ba. Shi ma bai san yadda zai yi da kansa ba."

Gaskiya ta faɗa. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwarta. Ban taɓa jin ya kira sunana ba, sai dai Uwata, saboda sunan tsohuwarsu aka sa mini. A kamfani kuwa Baba Fiyus ake ce masa, don ba ya ɗaukar lodi, abu kaɗan ne sai ya fashe da faɗa. Shi ya koya mini riƙe filaya, shi ya tura ni makarantar lantarki duk da surutun dangi, da na dawo kuma ya zaunar da ni kusa da shi ya koya mini tsani.

Bari in faɗi abin da ake nufi da tsani, don ba na hawa ba ne. Injinan kamfanin duk wani akwatin ƙarfe ne ke ba su umarni, muna ce masa ƙwaƙwalwa. Umarnin a kwamfuta ake rubuta shi, kuma zane ne: dogayen layi biyu a tsaye, gajeru a tsakaninsu, mataki bisa mataki. Kowane mataki magana ɗaya yake yi, idan kaza da kaza sun cika, kunna kaza. Kowane suwichi da kowane moto yana da lambarsa a cikin ƙwaƙwalwa, ita muke kira adireshi. Ƙarƙashin lambar mukan rubuta suna da manyan baƙaƙe don mu riƙa ganewa. Sunan don mu mutane ne. Ƙwaƙwalwa ba ruwanta da suna, lamba kawai ta sani.

Kawu ne ya rubuta tsanin layin farko na injinan sabulu tun ina firamare, kuma ya haddace shi kamar gidajen unguwarsu. Ka tashe shi daga barci ka ce ina famfon turare, zai ba ka lambarsa bai buɗe ido ba. Wannan haddar ce ta rufa masa asiri. Yatsunsa sun san maɓallan kwamfuta, ba ya buƙatar kallo. In abu ya zo da ƙananan rubutu sai ya ce, "Uwata, karanta mini nan, na baro tabarau a gida," alhali ga tabarau ɗin nan yana leƙowa daga aljihun rigarsa. Sai in karanta, in yi kamar ban gani ba.

Sai kamfani ya buɗe layi na biyu. Suka sayo injin damawa irin na farko sak, ƙaton baho mai murfin ƙarfe, da wuƙaƙe a ciki masu juya ƙullun sabulu. Aka ƙara kati, wato allon da wayoyin inji ke shiga, a cikin akwatin nan namu, aka ja wayoyi. Tunda injin ɗaya ne, babu mai sake rubuta tsani daga tushe. Kwafe na farko ake yi a manna, a matsar da adireshi. In ka zo mannawa, kwamfuta kan buɗe wata 'yar taga ta jero maka duk lambobin, kusa da kowace ta tambaye ka gida nawa za a matsar da ita gaba. Ita da kanta ɗaya take sawa. To mu kuwa katin layin farko shi ne na ɗaya, na biyu na tankunan mai ne, sabon layi yana kan na uku. Ke nan sai an bi kowace lamba an mayar da ɗayan nan biyu.

Ranar da Kawu ya yi wannan aiki famfon tukunyar tururi ya ƙone, na wuni a can ƙarshen kamfani ina fama da shi. Da na dawo ya ce ya gama, ya gwada, komai ya yi. Na ce bari in ɗan leƙa.

"Ki leƙa me?" ya ce, ya juyo gaba ɗaya. "Yau kuma ke za ki duba ni? Tsanin da na rubuta kina yawo da majina? Je ki wanke hannunki, kin zo kina shafa mini baƙin mai a kujera."

Na yi dariya na wuce famfo. Layin ya tashi, sabulu ya riƙa fita, Manaja har da yi wa Kawu jinjina daga saman bene.

Ba a yi mako ba, da hantsi, ina ɗakin wutar lantarki ina ɗaure wata waya na ji ƙara kamar an karya icce, sai ihu. Na fito da gudu. Mai Kumfa na zaune a ƙasa kusa da sabon injin, ya rungume hannunsa na dama a ƙirji. Shi ne mai kula da damawa, magidanci ne mai 'ya'ya, kullum fari fat da garin sabulu har gira. Ya buɗe murfi ne yana kankare gefen baho da doguwar muciyarsa ta katako, kamar yadda yake yi kullum. Daga ɗaya gefen, inda ba a hango murfin, Mai Awo, matar da ke auna magungunan sabulu, ta gama zuba su ta danna koren maɓalli. A ƙa'ida, in murfi na buɗe, ko ka zauna a kan maɓallin nan injin ba zai motsa ba. Wannan karon ya motsa. Wuƙaƙen suka fizge muciyar suka karya ta, suka murɗe masa wuyan hannu kafin ya saki. Da ya ƙara sunkuyawa kaɗan, da wani labarin ake yi.

Mai Awo sai salati take tana kuka. Manaja ya sauko yana haki. Ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da tsoro ke sa su ihu.

"A kulle layin nan! Baba, me ya faru? Ina son in san dalili kafin a tashi yau, kuma ina son in san hannun wa ke ciki."

"Suwichin banza kuka sayo," in ji Kawu. "Na faɗa tun da aka kawo shi, kayan araha ne."

Bai tsaya jin amsa ba. Ya sauke babban makunnin injin, ya datse shi da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya kama Mai Kumfa suka nufi motar kamfani. Shi ya raka shi asibiti. Manaja ya dube ni ya ce, "To ke, bismilla."

Wallahi na so a ce suwichin ne. Da shi na fara. Ɗan ƙaramin abu ne a bakin murfi, murfi ya sauka ya danne shi, ya tashi ya sake shi. Na sa masa mitar gwaji, ya yi ƙara, na ɗaga murfi, ya yi shiru. Lafiyarsa lau. Na bi wayarsa tun daga gindin injin, ta cikin bututu, har akwati, ina fatan in tarar ɓera ya ci ta ko wani ya haɗe ta. Babu ko ƙwarzane. Na kira Mai Awo, na ce ta share hawaye ta zo ta taya ni, ta tsaya a bakin baho tana ɗaga murfi tana saukewa. Ni kuma na buɗe akwati ina kallon katin na uku. Kowace waya na da 'yar fitilarta a jikin kati. Ta biyar ce ta murfi. Ta ɗaga, fitila ta mutu. Ta sauke, fitila ta kama. Ke nan saƙon yana isowa har cikin ƙwaƙwalwa.

Na jona kwamfuta, na gangara tsanin sabon layi har matakin da ke tayar da moton damawa. In abu yana kunne, kore yake nunawa a allo. Ga shi nan, MURFI A RUFE, da manyan baƙaƙe, kore shar.

"Ɗaga," na ce.

"Na ɗaga."

Kore.

"Sauke. Sake ɗagawa."

Kore dai, ko ƙyaftawa bai yi ba.

Mai Awo ta leƙo daga bayan baho, ta ce, "Ai haka muka yi da Baba ran nan da ya gama haɗawa. Ya ce in buɗe, in rufe, in buɗe, in rufe. Ya kalli kwamfuta ya ce ya yi."

Abu na farko da Kawu ya koya mini a wannan sana'a, da duka a bayan hannu ya koya mini shi: kar ki yarda da suna, dubi lamba. Na kai fuskata kusa da allo na dubi 'yar lambar da ke saman sunan. A layin farko murfi yana kati na ɗaya, waya ta biyar. A nan ya kamata ya zama uku da biyar. Biyu da biyar na gani.

Na bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya. Maɓallin tayarwa, uku. Maɓallin tsayarwa, uku. Ma'aunin zafi, uku. Duk sun matsa gida biyu yadda ya kamata, sai murfi kaɗai da ya matsa ɗaya. Layi guda Kawu ya tsallake a cikin 'yar tagar nan, yatsansa ya danna ƙasa sau biyu a wurin da ya kamata ya danna sau ɗaya. Sunan kuwa ya bi kwafin ya zo ya zauna a kan lambar da ba tasa ba. Na tambayi kwamfuta wane ne mai biyu da biyar. Ta ce ƙwallon da ke yawo a saman tankin mai ne, wanda ke shaida cewa akwai mai a ciki. Tankin nan kuwa tun da aka gina shi bai taɓa bushewa ba. Duk kwanakin nan injin yana tambayar ko murfi a rufe yake, tankin mai yana amsa masa da e.

Don in tabbatar, na hau kan tanki na danna ƙwallon ƙasa da sanda, na ce Mai Awo ta kalli allo. Ta ɗaga murya ta ce koren ya ɗauke. Na zauna a kan matakalar tankin na kasa saukowa.

Tsallake layi ba komai ba ne. Kowa yana yi, ni ma na sha yi. Shi ya sa ake gwadawa. Abin da ya dame ni shi ne gwajin. Kawu ya tsaya gaban allon nan, mace tana ɗaga masa murfi tana saukewa, bai ga ko koren ya ɗauke ko bai ɗauke ba, ya ce ya yi. Don kar ya ce zo ki duba mini. Na ji haushinsa kamar in yi ihu, na kuma ji tausayinsa har cikin ƙashina, kuma ban san wanda ya fi wani ba.

Bayan azahar ya dawo. Ya same ni a ɗakin wuta, ɗan ƙuƙumin ɗakin nan namu mai kujera ɗaya da fanka mai ƙara, inda ƙamshin turaren sabulu ke haɗuwa da warin roba mai zafi. Ya ce karaya ce a wuyan hannu, an ɗaure, likita ya ce zai warke. Ya tsaya a bayana.

"Suwichin ne ko?"

"Kawu, murfin sabon layi, lambarsa nawa?"

"Uku da biyar. Wannan ma tambaya ce?"

"Biyu da biyar ke rubuce."

Ya sunkuyo kan kafaɗata, ya karkata kai gefe kamar kaza tana kallon tsaba, yana neman lambar da gefen ido. Ya daɗe a haka. Ina jin numfashinsa a kunnena.

"Tankin mai," ya ce a hankali.

"E."

Na rufe ƙofa. Na riga na shirya maganata tun ina kan matakala, sai na zubo ta da sauri kafin ya fashe. Na ce Manaja bai san tsani ba, bai san ko bambancin kati da waya ba. Zan ce masa kwamfuta ce ke sa ɗaya da kanta in an zo mannawa, kuma ai ba ƙarya ba ne. Zan ce an gano, an gyara, shi ke nan. Mai Awo ba za ta ce komai ba, ita kanta a tsorace take. Daga yau kuma duk abin da zai taɓa, ina gefensa. Shi ya riƙa faɗa, ni ina dubawa.

"Na san zancen idon, Kawu," na ce. "Tuntuni na sani. Ni zan zame maka ido. Ba wanda zai ji."

Na jira faɗa. Na jira ya ce wa ya gaya mini, ya ce matar nan ba ta iya riƙe bakinta ba. Bai ce ko ɗaya ba.

"Ranar da famfo ya sake ƙonewa fa?" ya ce. "Ranar da kika kwanta zazzaɓi?"

"Sai ka jira ni."

"Ni ɗin? Kin taɓa ganin na jira wani?"

"To ka koyi jiran mana! Haba Kawu, don Allah. Me za ka je ka yi a gida? Kwana nawa za ka yi a raye a kan tabarma?"

Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, har hawaye suka zo mini. Ya dube ni, ko in ce ya dubi gefen fuskata.

"Tashi mini daga kujera," ya ce.

Na tashi. Ya zauna, ya juya kwamfutar ta ba ni baya. Yatsunsa suka hau maɓallai, kas, kas, kas, ba gaggawa. Na ji ƙarar da take yi in ta aika sabon tsani cikin ƙwaƙwalwa. Na matso in duba, ya rufe ta da tafin hannu.

"Na gyara. Na duba, ya yi. Zo mu je."

Na bi shi zuwa sabon layi. Babu kowa a wurin, duk an koma layin farko, ƙarar injinansa ce kawai ke isowa. Guntun muciyar Mai Kumfa na nan yashe a ƙasa. Kawu ya ciro makulli, ya lalubi kwaɗon ya buɗe, ya ɗaga babban makunni. Fitilun injin suka kama. Ya zagaya ya ɗaga murfi, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa a nutse, kamar mai shirin alwala. Sai ya sunkuya ya zura hannun cikin baho, har na ji zobensa ya taɓa wuƙa.

"Danna," ya ce.

"Kawu! Ka yi hauka ne? Fito da hannunka!"

"Ki danna koren nan, Uwata. Ni na rubuta tsanin nan. Ni na koya miki shi. Na ce na gyara, na ce na duba."

"Bari in je in ga allon tukuna."

"Ɗauka ba kya nan. Kina can wurin famfo. Ni kaɗai ne, kuma na ce ya yi. Danna."

Maɓallin na gabana, ɗan kore mai santsi, na danna irinsa sau ba adadi. Kuma na san kusan tabbas ya gyara daidai. Lamba ɗaya ce, mutumin da ya haddace tsanin nan gaba da baya. Na ɗaga hannu, ya tsaya a iska. Na tuna yadda ya karkata kai yana neman lambar bai same ta ba. Na mayar da hannun bayana na riƙe shi da ɗayan.

"Ba zan iya ba," na ce.

"Ɗaga murya, injin na ƙara."

"Na ce ba zan iya ba, Kawu."

Ya zaro hannun a hankali. Ƙullun sabulu ya manne masa har gwiwar hannu. Ya sa gefen rigarsa yana gogewa, bai dube ni ba.

"Ke da na raine ki da hannuna ke nan," ya ce. "To da wane ido zan ce wa Mai Kumfa ya sa nasa hannun?"

Ya sauke makunni, ya mayar da kwaɗo ya datse. Ya kamo hannuna ya buɗe tafin, ya sa mini makullin a ciki.

"Je ki duba abin da na yi. Ki duba lamba, ki sa a ɗaga murfi ki gani da idonki. In daidai ne, to. In ba daidai ba ne, ki gyara, kar ki gaya mini."

Na ce ya tsaya mu je wurin Manaja tare, ya ce a'a, wannan maganar tasa ce. Na tsaya nan riƙe da makulli ina kallonsa ya ratsa tsakanin buhunan gari, ya kama ƙarfen bene, ya hau a hankali, hannun rigarsa ɗaya a naɗe har yanzu. Ma'aikatan layin farko suna gaishe shi, "Sannu Baba," yana ɗaga musu hannu. A ƙofar ofishin Manaja ya kai hannu ga mariƙin ya kuskure, ya sake laluba ya same shi. Bai ƙwanƙwasa ba, ya tura ya shiga.